Zama da olsa: tambayoyin da mutanen Zariya suka fi yi, da amsoshinsu

Daga Samaru har cikin Birni, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da wanda zai ce maka yana da olsa ba. Ɗalibi yana fama da ita, ɗan acaɓa yana fama da ita, tsohuwa ma ta ajiye kwalbar farin ruwan magani a gefen gado. Amma in ka tambaya wa ya tabbatar musu, sai ka ji mai kemis ne, ko maƙwabciya, ko kuma su da kansu suka yanke hukunci. Abin da ke damuna shi ne yadda muka ɗauki olsa a matsayin ciwon da ake zama da shi har kabari, alhali tana da sanadi sananne, kuma tana warkewa in an bi hanyar da ta dace. Amsoshin nan ba za su tsaya a madadin ganin likita ba, sai dai su taimaka wa mutum ya san abin da zai tambaya in ya je.

Mece ce olsa ainihinta?

Gyambo ne na gaske, rauni a bangon tumbi ko a farkon ƙaramin hanji, wato wurin da abinci yake fara shiga in ya bar tumbi. Tumbi yana fitar da ruwan asid mai ƙarfi don narkar da abinci da kashe ƙwayoyin cuta. Abin da ya hana wannan asid cin naman tumbin shi ne wata majina mai kauri da ta lulluɓe bangon, kamar yaɓen da ake yi wa katangar ƙasa kafin damina. In yaɓen ya zube a wani wuri, asid ya samu hanya, sai ya yi ta cin wurin har ya zama gyambo.

Inda gyambon yake yana canza yadda ciwon ke zuwa. In a farkon hanji yake, zafin ya fi tashi idan ciki ya zama wayam, awa 2 zuwa 3 bayan cin abinci, ko ya tashi mutum daga barci da tsakar dare, kuma da an ɗan ci wani abu sai ya lafa. In a tumbi yake, cin abincin ne kan tayar da shi, har mutum ya fara tsoron ci, ya rame.

Duk zafin da na ji a saman ciki olsa ce?

A'a. Yawancin masu cewa suna da olsa, in aka leƙa cikinsu da kyamara ba a ganin gyambo. Wasu ƙwannafi ke damunsu, wato asid yana haurowa maƙogwaro, su ji zafi a ƙirji da tsami a baki, musamman in sun kwanta. Wasu bangon tumbin ne ya kumbura amma bai kai ga fashewa ba. Wasu tsakuwa ce a maɗaciya, wadda zafinta ya fi zama ta hannun dama a ƙasan haƙarƙari bayan an ci abu mai maiƙo. Akwai kuma wanda ya fi ba ni tsoro: bugun zuciya kan zo da kamar zafin olsa. Dattijo mai hawan jini ko ciwon suga, in ya ji nauyi a ƙirji da gumi da sarƙewar numfashi, ko zafin ya sauka hannun hagu ko ya hau muƙamuƙi, kada a tsaya ba shi ruwan olsa ana jira. A kai shi asibiti nan take.

Malam, ba yunwa ce ke kawo olsa ba? Haka muka taso muna ji.

Haka kowa ya taso yana ji, kuma akwai dalilin da ya sa maganar ta zauna: mai gyambo a farkon hanji yana jin zafi in ya ji yunwa, sai ya ɗauka yunwar ce ta jawo masa. Yunwa tana tayar da ciwon da ke akwai, amma ita kaɗai ba ta haƙa gyambo. Abubuwa biyu ne suke haddasa mafi yawan olsa a duniya: wata ƙwayar cuta da ake kira Helicobacter pylori, a taƙaice H. pylori, da kuma magungunan kashe ciwo irin su asfirin da 'yan uwansa.

Likitoci ma sun daɗe ba su san da ƙwayar ba. Sun ɗauka babu abin da zai rayu a cikin asid ɗin tumbi, don haka suka ɗora laifin kan damuwa da abinci. A shekarar 1982 ne wasu likitoci biyu a birnin Perth na ƙasar Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka yi nasarar renon ƙwayar daga tumbin marasa lafiya. Da abokan aikinsu suka ƙi yarda, sai Marshall ya kurɓi ruwan da ke ɗauke da ita a 1984, cikin 'yan kwanaki tumbinsa ya kumbura. A 2005 aka ba su lambar yabo ta Nobel. Wannan binciken ne ya mayar da olsa daga ciwon da ake lallashi shekara da shekaru zuwa ciwon da ake kashe tushensa cikin mako 2.

Ƙwayar tana da dabarar zama a tumbi: tana fitar da wani sinadari da ke rage ƙarfin asid a kewayenta, sannan ta kutsa cikin majinar ta ɓoye, tana raunana bangon a hankali. Kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ita, kuma ta fi yawa a wuraren da ruwan sha mai tsabta ya yi ƙaranci kuma gidaje suka cunkushe. Sai dai mafi yawansu ba za su taɓa yin gyambo ba. Kimanin mutum 1 cikin 10 ne take kai wa ga haka.

Ta ina take shiga jikin mutum? Ana ɗauka ne?

Ana ɗauka, galibi tun ana yara, a cikin gida. Tana bi ta yawu, da amai, da ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata. Rijiyar da aka haƙa kusa da masai, ruwan 'yan garuwa da ba a san daga ina aka ɗebo ba, kayan lambun da aka ci ɗanye ba a wanke da kyau ba, duk hanyoyi ne. Iyaye mata da kakanni, don Allah a bar tauna wa jariri abinci a saka masa a baki. Cin abinci a kwano ɗaya kuwa al'adarmu ce mai albarka, ba na cewa a bari, amma kowa ya wanke hannu da sabulu kafin ya sa, ba tsoma hannu a ruwan da mutum biyar suka riga suka wanke nasu ba. Babu dalilin ware wa mai olsa kwanonsa ko a riƙa ƙyamarsa.

Ina aikin ƙarfi, kullum da daddare sai na sha maganin gajiya. Yana da alaƙa?

Ɗan'uwa, a nan nake so ka tsaya ka karanta da kyau, don wannan ita ce hanyar da ta fi jefa masu ƙarfi a jika cikin haɗari. Mai dako a kasuwar Sabon Gari, birkila, ɗan acaɓan da ya wuni yana zirga-zirga tsakanin Kwangila da PZ, manomin da ya dawo daga huɗa, duk sukan tsaya wurin mai kemis su ce a ba su na gajiya. Sai a ƙulla musu ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, babu kwali babu suna. A cikin irin wannan haɗin sau da yawa akan samu biyu ko uku daga dangi ɗaya: Ibuprofen, Diclofenac, Piroxicam, Naproxen, ko asfirin. Na rubuta su yadda suke a jikin kwali don ka iya dubawa. Garin Alabukun ma asfirin ne a cikinsa tare da sinadarin da ke cikin kofi.

Waɗannan magunguna suna kashe ciwo ta hanyar toshe wani sinadari a jiki, kuma wannan sinadarin shi ne yake sa tumbi ya yi majinar da ke kare shi. Ciwon baya ya tafi, amma tumbi ya zauna ba kariya. Shan su da abinci yana ɗan rage ƙuna, amma bai kawar da haɗarin ba, don ta jini suke aiki. Allurarsu ma haka take. Abin ya fi muni in aka haɗa biyu a lokaci guda, ko in mutum ya manyanta, ko in aka haɗa da Dexamethasone ko Prednisolone. 'Yan mata da matan aure masu shan ƙwayar ƙiba da ake kira sha-ka-fashe su ma su ji wannan, don irin waɗannan ne ake sakawa a ciki.

Wani abin tsoro kuma shi ne, gyambon da waɗannan magunguna suka haƙa yakan girma shiru, tunda maganin da ya haƙa shi yana danne zafinsa. Sai kawai a wayi gari mutum yana aman jini. Kada ka ƙara karɓar ƙwayar da ba ka ga kwalinta ba.

To in kaina ko jikina yana ciwo, me zan sha?

Farasitamol, wanda aka fi sani da Panadol, ba ya cin tumbi. Babban mutum yana iya shan ƙwaya 2 masu miligiram 500 a lokaci guda, a bar aƙalla awa 4 zuwa 6 tsakani, kada a wuce ƙwaya 8 a yini, don wuce haka yana illata hanta. Masu sikila da masu ciwon gaɓoɓi, waɗanda farasitamol ba ya isarsu, su faɗa wa likitansu cewa suna da olsa, zai san abin da zai canza ko ya haɗa musu da maganin kare tumbi. Wanda kuma likita ya ɗora a kan ƙaramin asfirin saboda zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, kada ya daina da kansa. Ya koma wurin wanda ya rubuta masa.

An hana ni yaji, da tsami, da mai, da wake. Me ya rage zan ci?

Na ga mutane da dama da aka hana komai har suka rame, suka koma kunu da farar shinkafa, alhali ciwon yana nan. Abinci ba ya haƙa gyambo kuma ba ya warkar da shi. Abin da yake yi shi ne ya tayar da zafi ko ya bar shi kwance. Kuma abin da ke tayar wa wani ba lallai ya tayar maka ba. Abin da ya fi shi ne ka lura da kanka na mako 2: me ka ci, yaushe zafin ya zo. Wanda ka ga yana maimaita maka, ka rage shi ko ka bari har gyambon ya warke.

Waɗanda aka fi kuka da su: attaruhu da barkono mai yawa, yajin tsire da na kilishi, kunun tsamiya, zoɓo mai tsami, koko da aka dama da kamun da ya kwana biyu, lemun tsami, lemun kwalba mai gas, da soye-soye masu shan mai irin su ƙosai da awara in an ci su a kan yunwa. Ɗalibai masu cin indomi cike da yaji wurin mai shayi ƙarfe 12 na dare su koma ɗaki su kwanta, su ma sun san abin da suke ji da asuba.

Tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa ba yaji sosai, faten doya ko na dankali, shinkafa, dafaffen ƙwai, kifi, ayaba, gwanda, kankana, kunun gyaɗa da ba a cika masa tsami ba, yawanci ba sa damun kowa. Wake abinci ne mai kyau. In yana kumbura maka ciki, a jiƙa shi, a dafa ya yi luguf, a ci kaɗan. Kada ka bar cikinka wayam tsawon yini sannan ka zo ka cika shi dam da daddare. Ci kaɗan sau uku ko huɗu ya fi.

Madara tana kwantar min da ita nan take. In ci gaba?

Tana kwantarwa na ɗan lokaci, sannan ta sa tumbi ya ƙara fitar da asid, sai zafin ya dawo bayan awa ɗaya ko biyu. Shi ya sa mai shan madarar gwangwani da tsakar dare yake sake tashi kafin asuba. Ka sha madara ko kindirmo a matsayin abinci in ba sa damunka, amma kada ka riƙe su a matsayin magani. Nono mai tsami sosai yakan tayar wa wasu.

Kakata jiƙon kanwa take ba ni. Yana da illa?

Hajiya Kaka ba ta yi ƙarya ba, kanwa tana kashe kaifin asid, shi ya sa ake gyatsa a ji sauƙi. Matsalar ita ce babu awo, ba a san ƙarfin wadda aka jiƙa ba, ba a san ƙasa da dattin da ke cikinta ba, kuma cike take da sinadarin da ke cikin gishiri. Mai hawan jini, mai ciwon ƙoda ko zuciya, da mai juna biyu, yawan shanta zai iya cutar da su. Iskar da take tarawa a tumbi kuma ba alheri ba ce ga mai gyambo mai zurfi. Ruwan olsa na kemis aikin da yake yi ke nan, amma da awo. Kanwar da ake ɗan jefawa a miya ko ɗanwake ba ita nake magana a kai ba.

Goro fa, da shayi, da taba?

Goro da kofi da shayi mai kauri suna ƙara fitar asid, musamman a kan yunwa. Dattijon da ba ya iya rabuwa da goro, ya bari sai ya ci abinci, kuma ya rage. Taba kuwa babu sassauci a kanta, sigari ce ko shisha: tana hana gyambo warkewa, tana sa ya dawo bayan ya warke, tana kuma rage nasarar maganin kashe ƙwayar. Giya ma tana ƙona bangon tumbi.

In ta tashi cikin dare, me zan yi kafin gari ya waye?

Tashi ka zauna, kada ka kwanta rigingine. Kurɓi ruwa mai ɗumi kaɗan-kaɗan. In kana da ruwan olsa, ka girgiza kwalbar da kyau ka sha gwargwadon abin da aka rubuta a jiki; in ƙwayar taunawa ce, ka tauna ta sosai kafin ka haɗiye. In yunwa ce ta tayar, ɗan biredi ko ayaba ya isa. Kada ka sha Ibuprofen ko Diclofenac don wannan zafin, ƙara wa wuta fetur ne. Don gobe kuwa, a ci abincin dare da wuri, a bar awa 2 zuwa 3 kafin a kwanta. Mai ƙwannafi ya ɗaga ƙafafun gado ta wajen kai da bulo, ya kuma fi kwanciya a kan hagu.

A kula, ruwan olsa yana hana jiki tsotsar wasu magunguna, kamar ƙwayar ƙarin jini da Ciprofloxacin da Tetracycline. A bar awa 2 tsakaninsu.

Wane gwaji ake yi, kuma a ina?

Don gano ƙwayar H. pylori akwai gwajin bayan gida, da gwajin numfashi, da gwajin jini. Na jinin shi ne ya fi yawa a ƙananan ɗakunan gwaji don ya fi arha, amma yana da rauni: yana nuna cewa jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar, ba ya bambance wanda take cikinsa yanzu da wanda aka riga aka kashe masa ita. Mutum zai iya warkewa sarai gwajin jininsa ya ci gaba da nuna tana nan. Na bayan gida da na numfashi su ne ke nuna halin da ake ciki yanzu. Sharaɗinsu shi ne a dakata da Omeprazole da danginsa, wato magungunan rage fitar asid, mako 2 kafin gwajin, kuma ba a sha maganin kashe ƙwayoyin cuta ba cikin mako 4 da suka wuce, in ba haka ba sakamakon zai iya cewa babu alhali akwai.

Shi kuma gyambon kansa, hoton ciki da ake yi da na'urar da ake shafa wa mai ba ya nuna shi. Sai an zura siririyar kyamara ta baki har tumbi, abin da ake kira endoskofi. Ana zuwa ba a ci komai ba na wasu awoyi, a fesa maganin da ke kashe jin maƙogwaro, aikin kuma 'yan mintoci ne. Mutane suna tsoronsa fiye da yadda yake. Ba kowa ke bukatarsa ba; an fi tura wanda ya manyanta kuma ciwon sabo ne gare shi, da mai alamun haɗari, da wanda ya sha magani bai ji sauƙi ba. Mu a Zariya Allah ya hutar da mu doguwar tafiya: ana iya farawa daga asibitin unguwa, ko Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko asibitin Wusasa, in abin ya bukaci ƙwararru a tura mutum Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Yaya maganin yake? Na sha Omeprazole wata da watanni.

Omeprazole da 'yan uwansa suna rage fitar asid sosai, gyambo ya samu sararin rufewa, yawanci cikin mako 4 zuwa 8. An fi so a sha shi kamar minti 30 kafin karin kumallo, a haɗiye shi ɗungurungum ba a tauna ba. Amma ba ya kashe H. pylori. Wanda ƙwayar ke cikinsa zai ji sauƙi muddin yana sha, da ya daina ciwon ya dawo, sai ya ce ai olsa ba ta warkewa.

Maganin ƙwayar haɗi ne: mai rage asid tare da aƙalla magungunan kashe ƙwayoyin cuta guda biyu, kamar Amoxicillin da Clarithromycin ko Metronidazole da aka fi sani da Flagyl, wani lokaci da Bismuth, galibi na kwana 14. Likita ne zai zaɓa, gwargwadon abin da mutum ya taɓa sha da abin da jikinsa ba ya so. Wanda Penicillin ke yi wa ƙuraje ya faɗa tun farko, don Amoxicillin danginsa ne. Ƙwayoyin maganin suna da yawa, suna sa ɗacin baki, wani lokaci tashin zuciya ko ɗan gudawa. A nan ne mutane ke faɗuwa: kwana 5 sun ji sauƙi, sai su ajiye sauran don wani lokaci, ko su ba ɗan'uwa. Ƙwayar da ta tsira daga rabin magani takan zama mai taurin kai, karo na biyu maganin ba zai kama ta da sauƙi ba. Yadda muke shan Flagyl a kan kowace gudawa ma ya riga ya sa ta saba da shi a jikin mutane da yawa. In an fara, a gama.

Zan iya yin azumi?

Ya danganta da halin da ciwon yake. Wanda ya yi magani ya warke, ko wanda ƙwannafi ne kawai, yawanci yana azuminsa lafiya. Wanda gyambonsa ke ɗanye, ko ya yi aman jini ko baƙin bayan gida kwanan nan, ko yana ramewa, azumi zai iya kai shi ga zubar jini ko hujewar hanji. Allah ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185, ya sha ya rama in ya samu sauƙi. Karɓar wannan rangwamen ba raunin imani ba ne.

Shawarata ita ce a ga likita tun watan Rajab ko farkon Sha'aban, don a samu lokacin gwaji da gama magani kafin a ga wata. Mai azumi ya sha maganin rage asid kafin ya ci sahur, ya jinkirta sahur ɗin, kada ya tsallake shi. A buɗa baki da dabino da ruwa, a yi sallar magariba, sannan a ci a hankali. Kunun tsamiya mai tsami da ƙosai mai zafi da lemo mai gas duk a kan ciki wayam, su ne ke hana mutane da yawa tsayuwar tarawihi. In zafi ya tsananta da rana, ko amai ya zo, ko jiri, a karya.

Wace alama ce in na gani ba zan jira safiya ba?

Aman jini, ja ne ko baƙi-baƙi mai kama da garin kofi. Bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo da wari, kamar kwalta. Zafi mai tsanani da ya zo farat ɗaya, ciki ya ƙage ba ya taɓuwa, mutum ba ya son ko motsi. Wannan alamar hujewa ce, tiyata take bukata, kuma kowace awa da aka ɓata tana ƙara haɗari. Jiri, suma, bugun zuciya da sauri, tafin hannu da cikin ido sun yi fari. A irin wannan hali kada a ba mutum abinci ko jiƙo, a nemi mota. Akwai kuma waɗanda ba na gaggawar dare ba ne amma kada su wuce 'yan kwanaki: amai kullum bayan cin abinci, abinci yana tsayawa a maƙogwaro, ramewa ba dalili, ƙoshi da loma kaɗan.

Ƙwayar ƙarin jini da Bismuth suna mayar da bayan gida baƙi ba tare da jini ba. In kana shan su ka faɗa wa likita, amma kada ka yanke wa kanka hukunci in akwai jiri ko kasala.

Ina da juna biyu, ƙirjina yana ƙuna sosai.

Hajiya, yawanci wannan ƙwannafi ne da ciki ke kawowa, yakan ƙaru in cikin ya tsufa, ya tafi bayan haihuwa. Ci kaɗan-kaɗan, kada ki kwanta da kin ci. Ki faɗa a wurin awo, akwai magungunan da suka dace da ke. Kada ki sayi haɗin olsa da kanki, don wasu daga cikinsu ba a ba mai ciki, kuma akwai Misoprostol da ake haɗawa da wasu magungunan ciwo don kare tumbi, wanda yake zubar da ciki. In zafin saman ciki ya zo da ciwon kai mai tsanani, da kumburin fuska, ko gani dishi-dishi, ki tafi asibiti a auna jininki nan take.

Tunani da damuwa suna kawo ta?

Su kaɗai da wuya, amma suna tayar da ita ƙwarai. Lokacin jarrabawa a Samaru da Kongo, ɗalibi ba ya barci, ba ya cin abinci a kan lokaci, yana ɗirkar kofi, kansa ya yi ciwo ya sha Ibuprofen. Abubuwa huɗu sun taru a kan tumbi ɗaya. Magidancin da bashi ya hana barci ma haka. Barci isasshe da samun wanda za a faɗa wa damuwa suna rage yawan tashinta.

Zuma, da habbatussauda, da ruwan kabeji fa?

Zuma mai kyau tana sanyaya wa wasu, kuma babu laifi a sha in ba ciwon suga. Kabeji da sauran ganye abinci ne mai amfani. Amma ba su tsaya a madadin maganin kashe ƙwayar ba. Abin da nake jin tsoro shi ne jarkokin da ake tallatawa da lasifika a tasha da bakin kasuwa, wai kwalba ɗaya tana maganin olsa da basir da sanyi da taifot. Ba a san abin da ke ciki ba, ba a san awonsa ba, kuma hanta da ƙoda ne ke biyan kuɗin. Duk abin da kake sha na gargajiya, ka faɗa wa likita, kada ka ɓoye don kunya.

Olsa tana zama kansa?

Gyambon farkon hanji kusan ba ya zama kansa. Na tumbi kuwa akan bi shi da kulawa, don wani lokaci abin da ya yi kama da gyambo kansa ce tun asali. Shi ya sa ake ɗebo ɗan nama a gwada lokacin endoskofi, a kuma sake leƙawa bayan kamar wata 2 a ga ya rufe. Ita ma H. pylori, tun 1994 hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin abubuwan da ke haddasa kansar tumbi. Kaɗan ne ƙwarai cikin masu ɗauke da ita abin ke samu, kuma kashe ta yana rage haɗarin. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na jini ya yi kansar tumbi, ya nemi a gwada shi ko da ba ya jin komai.

Na gama maganin kwana 14, amma bayan wata biyu zafin ya dawo. Me ya faru?

Ɗaya daga cikin uku ne galibi. Ko ƙwayar ba ta mutu ba, ko an koma shan maganin gajiya da taba, ko kuma tun farko abin da ke damunka ba gyambo ba ne. Ba a sanin wanne ne sai an sake gwaji, don haka kada ka koma kemis ka sayi irin haɗin da ka sha a baya. In bai kashe ta karon farko ba, likita zai canza wasu daga cikin magungunan ne. Gwajin tabbatarwa na bayan gida ne ko na numfashi, ba na jini ba, aƙalla mako 4 bayan ƙwayar ƙarshe ta maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma mako 2 ba a sha Omeprazole ba. A tsakanin nan ruwan olsa ya isa rage zafi. In za ka koma asibiti, ka tafi da kwalayen duk abin da ka sha, har da na ciwon baya da na gargajiya, da takardar gwajin farko.